Villa El Salvador: yadda aka kafa gari a kan rairayi a bayan birnin Lima

Wani ɗalibi mai karatun tsara birane ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji labarin wata unguwa a bayan birnin Lima na ƙasar Peru, mai suna Villa El Salvador, wadda aka ce talakawa ne suka gina ta da hannunsu a tsakiyar hamada har ta samu lambar yabo daga ƙasashen waje. Yana son ya san ko haka ne, yaya abin ya faro, kuma yaya zaman jama'a yake a can.

Haka ne, ɗan'uwa, amma labarin da ka ji an rage masa gefe guda. Mazauna wurin su suka ɗora bulo a kan bulo, su suka haƙa ramukan bututu, su suka kafa ajujuwan farko. Filin kuwa da taswirar da aka yanka shi da ita daga gwamnati suka zo. A ganina sirrin wurin yana cikin wannan taswira. A mafi yawan unguwannin talakawa na bayan gari, gida ake fara kafawa, sai bayan shekaru a dawo ana neman inda titi zai bi da inda za a sa makaranta, a tarar babu. A Villa El Salvador an shata titi da filin makaranta tun gidajen suna zana da kara, kuma mutanen wurin suka tsare waɗannan filaye suka hana kowa ci.

Sai ka fara sanin Lima kafin ka gane sauran. Birni ne a gaɓar tekun Pasifik, a cikin hamada, inda ruwan sama kusan ba ya sauka. Abin da suke samu a lokacin sanyi, daga wajen Yuni zuwa Satumba, wani yayyafi ne mai kama da hazo wanda yake jiƙa tufafi ya shiga ƙashi amma ba ya cika ko kwano. Wannan rashin ruwa shi ya sa mutum zai iya zama shekara da shekaru a ɗakin zana ba tare da rufi ya zubo masa ba. A 1940 mutanen birnin ba su kai dubu 700 ba. A 1972 sun haura miliyan 3, yau kuma sun wuce miliyan 10. Yawancin ƙarin daga tsaunukan Andis ya gangaro, daga yankuna irin su Ayacucho da Apurímac da Huancavelica da Puno, inda a lokacin ƙasar noma take hannun manyan masu gonaki, talaka kuma yana aiki a gonar wani har ya mutu. Girgizar ƙasar Áncash ta 31 ga Mayun 1970, wadda ta kashe mutum kusan dubu 70, ta ƙaro wasu dubbai.

Baƙon da ya iso Lima yakan fara da haya a tsofaffin lungunan tsakiyar gari, iyali guda a ɗaki guda, famfo ɗaya na mutum hamsin. Idan ya gaji sai ya shiga ƙungiyar masu mamayar fili. Kada ka ɗauka hargitsi ne irin na kowa ya kama gabansa. Ana yin watanni ana shiri: a rubuta sunaye, a tara kuɗi, a tura mutane su auno filin gwamnati da ba kowa a kai, a zaɓi daren da hukuma take hutu ko take shagala da wani buki. Gari na wayewa sai a ga ɗaruruwan bukkokin zana, kowace da tutar Peru a kanta, don ɗan sanda ya ji nauyin rushewa. Haka aka kafa San Cosme a 1946, haka Ciudad de Dios a jajiberin Kirsimeti na 1954, haka Comas a 1958. A 1961 gwamnati ta yi dokar da ta amince da unguwannin da aka riga aka kafa, ta hana sababbi, amma hanin bai hana komai ba.

A ƙarshen Afrilun 1971 wasu iyalai kimanin 200 suka mamaye wani fili a Pamplona, kudu da birnin. Cikin 'yan kwanaki suka zama dubbai, har suka fara malala zuwa filayen masu hannu da shuni da ke kusa. Lokacin ya zo wa gwamnati a karkace, domin Lima tana shirin karɓar taron gwamnonin Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka, baƙi da 'yan jarida na hanya. Mai mulki a lokacin, Janar Juan Velasco Alvarado, soja ne da ya ƙwace mulki a 1968 yana cewa juyin juya hali ya zo yi domin talaka, har ya ƙwace manyan gonaki ya raba. A ranar 5 ga Mayu 'yan sanda suka zo korar mutane, aka yi arangama, aka kashe wani mai suna Edilberto Ramos. Mataimakin bishop na Lima, Luis Bambarén, ya je wurin ya yi addu'a tare da masu mamayar, sai ministan cikin gida, Janar Armando Artola, ya sa aka kama shi. Nan aka yi ɓatan ɓakatantan. Gwamnatin da take kiran kanta ta talakawa ta harbe talaka ta kuma tsare bishop a gaban baƙi. Ba a daɗe ba aka saki Bambarén, Artola ya rasa kujerarsa, gwamnati kuma ta ce za ta ba kowa fili, amma a wani wuri.

Wurin shi ne Tablada de Lurín, shimfiɗaɗɗen rairayi mai nisan sama da kilomita 20 daga tsakiyar gari. Ranar 11 ga Mayun 1971 manyan motocin soja suka fara kwasar mutane da zanayensu suna zubewa a can, ita ce kuma ranar da garin yake bukin kafuwarsa har yau. Babu ruwa, babu wuta, babu kwalta, babu inuwa ko ta bishiya ɗaya. Iska tana kwaso yashi ta zuba a abinci da idon yara. Ruwa sai tanka ta kawo a saye a duro, kuma duron talakan bayan gari ya fi tsadar famfon mai kuɗin cikin gari ninki da yawa. Mai aiki a cikin birni yakan fita tun duhun asuba, ya taka rairayi mai nisa kafin ya kai inda mota take tsayawa. Zawo da ciwon ƙirji sun ɗauke jarirai da yawa a shekarun farko. Duk da haka mutane suka yi ta kwararowa, domin fili kyauta ne, kuma a ƙidayar da mazauna suka yi da kansu a 1973 sun samu mutum sama da dubu 100.

Yanzu ga taswirar. Wani matashin mai zanen gine-gine, Miguel Romero Sotelo, shi ya zana ta, kuma sauƙinta ne ƙarfinta. Kowane iyali fuloti ɗaya na murabba'in mita 140. Fuloti 24 su ne layi ɗaya. Layi 16 su ne rukuni ɗaya, wato gida 384, mutum kamar dubu 2 ko fiye. A tsakiyar kowane rukuni an bar babban fili wanda ba na kowa ba ne, na rukunin ne gaba ɗaya, domin makarantar ƙananan yara da zauren taro da ɗakin shan magani da filin ƙwallo. Rukunoni da dama su ne shiyya. Tsakanin shiyyoyi aka bar tituna masu faɗin gaske, waɗanda a 1971 suka zama abin dariya, domin ko keke babu mai shi balle mota. Aka kuma ware yanki guda na masana'antu da wani na noma da kiwo.

Ka lura da lissafin nan da kyau, tunda tsara birane kake karanta. Gida 24 adadi ne da kowa zai san kowa: wanda bai fito aikin gayya ba an san shi, matar da mijinta ya gudu ya bar ta da yara an san ta. Gida 384 kuma sun isa su tara kuɗin rufin aji ko su ɗauki nauyin mai kula da yara, amma ba su yi yawan da taro zai gagara ba. Sannan filin tsakiya ya ba su abin da za su taru a kai. Jama'a ba ta haɗuwa don an ce mata ta haɗu, sai akwai wani abu nata da za ta tsare ko ta gina. Kowane rukuni ya wayi gari da fili fetal a gabansa da tambayar me za a yi da shi, kuma amsa wannan tambaya ita ta haifar da shugabanni. Sau da yawa wasu sun so su yanka waɗannan filaye su sayar ko su zauna a kai, maƙwabta suka tashi suka hana. Wannan tsaron na shekaru, wanda ba wanda ya ba shi lambar yabo, ya fi mini ginin kowace makaranta muhimmanci.

A 1973 aka ɗora tsarin shugabanci a kan tsarin ƙasar. Aka kafa ƙungiyar mazauna da ake kira CUAVES. Kowane layi yana zaɓen wakilansa, masu kula da lafiya da ilimi da saye da sayarwa da sauransu. Wakilan layuka su ne majalisar rukuni, shugabannin rukunoni kuma su ne babban taron gari. Takensu shi ne: tunda ba mu da komai, za mu yi komai. Suka kafa asusun ajiya na jama'a a 1974, da shagon kayan gini da na kananzir da kantin magani, da niyyar kuɗin unguwa ya riƙa juyawa a cikin unguwa. A nan ma sai an faɗi gaskiya: hannun gwamnati yana ciki. Hukumar da sojoji suka kafa domin shirya talakawa, SINAMOS, ita ta turo jami'an da suka taimaka aka tsara ƙungiyar, kuma Velasco yana son wurin ya zama abin nuna wa duniya. Sai dai mutanen da aka shirya ɗin ba 'yan koyo ba ne. Wanda ya taso a ƙauyen Andis ya saba da aikin gayya, yau a gonarka gobe a tawa, ya saba da taron gari inda ake yanke hukunci a ci tarar wanda bai zo ba. A cikinsu kuma akwai ma'aikatan masana'antu da na haƙar ma'adinai da suka goge a ƙungiyoyin ƙwadago, ga malaman makaranta da limaman coci masu ra'ayin tsayawa da talaka. Ranar Lahadi ce ranar aiki: a daidaita titi, a haƙa rami, a dasa bishiya a riƙa ba ta ruwan wanke-wanke.

A watan Agustan 1975 Janar Francisco Morales Bermúdez ya hamɓarar da Velasco, sabuwar gwamnati ta juya wa unguwar baya. Asusun ajiya da yawancin kasuwancin ƙungiyar suka durƙushe, wasu saboda taɓarɓarewar tattalin arziki, wasu saboda rashin iya riƙo da rigimar 'yan siyasa a cikin gida. Daga nan CUAVES ta koma ƙungiyar neman haƙƙi. A 1976 dubban mazauna suka yi tattaki zuwa tsakiyar Lima suna neman malamai da ajujuwa da ruwa, kuma unguwar ta shiga babban yajin aikin ƙasa na 19 ga Yulin 1977 da ƙarfinta. Wutar lantarki ta zo a 1975, ruwan famfo sai 1979. Shekara takwas kenan ana sayen ruwa a duro.

Idan ka tambaye ni wa ya riƙe garin a shekarun wahala, zan ce mata. Maza suna fita kafin fitowar rana su dawo bayan faɗuwarta, saboda haka wanda yake cikin unguwa da rana, yake jiran tankar ruwa, yake kai yaro asibiti, yake fuskantar jami'in gwamnati, mace ce. Daga ƙarshen shekarun 1970 matan unguwannin Lima suka fito da dabarar girkin haɗin gwiwa. Mata goma sha biyar ko ashirin ko fiye su haɗa kai, su sayi shinkafa da wake da dankali da mai a sari, su riƙa karɓa-karɓa a murhu ɗaya. Wadda ta yi girki ranar tana tafiya da abincin gidanta ba ta biya ba, sauran su saya a farashi mai rahusa, a kuma ware 'yan kwanuka domin marayu da tsofaffi da masu tarin fuka. Coci da ƙungiyoyin agaji suna ba da gudummawar hatsi, amma lissafi da sayayya da rabo duk a hannun matan suke. A 1984 magajin garin Lima, Alfonso Barrantes, ya ƙaddamar da shirin ba kowane yaro kofin madara a kullum. Hukuma tana kawo garin madara, kwamitocin mata na layi-layi su dama su raba. A Villa El Salvador wannan shiri ya zauna daram, domin layi da rukuni suna nan tun tuni, an san yara nawa ne a kowane gida.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya tsara shi. Matar da ba ta taɓa magana a gaban mutane ba, wadda wataƙila Kechuwa ce harshenta, Sifaniyancinta kuma ana yi masa dariya, sai ga ta tana riƙe da littafin kuɗi, tana jagorantar taro, tana zuwa ofis ta buga tebur. Mazaje da yawa ba su so ba, an sha duka a kan zuwa taro, kuma su waɗannan ƙungiyoyi ne suka fara fito da maganar dukan mata fili suna kai ƙara. A 1983 suka haɗu a ƙarƙashin tarayyar matan garin, FEPOMUVES.

A wannan shekarar ce, ranar 1 ga Yuni, aka mai da Villa El Salvador ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta. Shugabanta na farko, wanda ya kama aiki a 1984, shi ne Michel Azcueta, malamin makaranta haifaffen Sifaniya da ya zo tun farkon kafuwar wurin yana koyarwa. Matakinsa na farko shi ne amincewa cewa abin da taron jama'a ya zartar ya zama dokar ƙaramar hukuma. A zamaninsa aka farfaɗo da yankin masana'antu da aka ware tun 1971 ya zauna kango. Manyan kamfanonin da aka yi tsammani ba su zo ba, sai aka raba filin ga ƙananan masu sana'a da ke aiki a tsakar gidajensu: kafintoci, masu walda, masu ɗinki, masu yin takalma. Yau mutanen Lima daga kowane ɓangare suna zuwa can sayen gado da kujera da kabad. A ranar 5 ga Fabrairun 1985 Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci garin, wasu ma'aurata suka tsaya gabansa a madadin jama'a suka ce masa yunwa suke ji, shi kuma ya amsa da cewa yunwar neman Allah ta dawwama, yunwar abinci kuwa a kawar da ita. A 1987 garin ya karɓi lambar Yariman Asturias ta ƙasar Sifaniya a fannin zaman lafiya da haɗin kai. Ita ce lambar da ka ji labari.

Shekarun da suka biyo lambar su ne mafi muni. Kuɗin ƙasar na lokacin, inti, ya zama takarda. A 1990 hauhawar farashi ta wuce kashi 7,000 cikin ɗari, kuma a watan Agustan shekarar sabuwar gwamnatin Alberto Fujimori ta janye tallafi a dare ɗaya, farashin man fetur ya ninka kusan sau 30. Iyalan da a da suke ganin cin abincin girkin haɗin gwiwa abin kunya ne suka zo suka shiga layi. A 1991 kwalara ta ɓarke. A daidai wannan lokaci ƙungiyar 'yan tawaye masu bin aƙidar kwaminisanci ta Mao na ƙasar Sin, Sendero Luminoso, wadda ta fara yaƙi a Ayacucho a 1980, ta karkato da ƙarfinta zuwa unguwannin da suka kewaye Lima. Villa El Salvador ta tsone mata ido fiye da ko'ina. A lissafin 'yan tawayen, duk abin da yake rage wa talaka raɗaɗi yana jinkirta juyin juya hali, saboda haka tukunyar girki da kofin madara abokan gaba ne. Suka riƙa kutsawa cikin ƙungiyoyi, suna yaɗa cewa shugabanni ɓarayi ne, suna amfani da ƙorafe-ƙorafen da wasunsu ma na gaskiya ne, wanda ya ƙi su kuma su kashe shi.

Wadda ta tsaya musu ita ce María Elena Moyano. Baƙar fata ce 'yar Peru, an haife ta a 1958, ta zo rairayin tana yarinya tare da mahaifiyarta da 'yan'uwanta. Ta fara da koyar da ƙananan yara a ajin zana, ta shugabanci tarayyar mata, a 1989 aka zaɓe ta mataimakiyar shugaban ƙaramar hukuma. A watan Satumban 1991 aka tayar da bam a rumbun da tarayyar take ajiye kayan abincin wuraren girki, 'yan tawayen suka yi ƙoƙarin ɗora mata laifin. Ta fito a gidajen rediyo da talabijin ta kira su da sunansu, ba ta kuma ƙyale gwamnati da jami'an tsaro ba a kan nasu zaluncin. Ranar 14 ga Fabrairun 1992 Sendero ta ba da umarnin kowa ya zauna a gida, ita kuwa ta fito zanga-zangar neman zaman lafiya. Mutane kaɗan ne suka bi ta, kuma wannan yana cikin abin da garin yake jin nauyinsa har yanzu. Washegari, a wajen wani taron sayar da soyayyar kaza da wani kwamitin madara ya shirya domin tara kuɗi, suka harbe ta a gaban 'ya'yanta, suka sa wa gawarta nakiya. Shekararta 33. Jana'izarta ta tara dubun dubatar mutane, kuma kisan ya zubar da sauran mutuncin da ƙungiyar take da shi a idon talakawan birni. A watan Satumban shekarar aka kama shugabanta, Abimael Guzmán. Azcueta ma sun kai masa hari a 1993, ya tsira da munanan raunuka.

Bayan yaƙin ƙungiyoyin jama'a ba su koma yadda suke ba. Masu rubutu da yawa suna ɗora laifin a kan Sendero da kuma gwamnatin Fujimori, wadda ta riƙa raba abinci kai tsaye domin sayen goyon baya, tana tsallake shugabannin unguwa. Duka biyun sun yi ɓarna, ba musu. Amma ni ina ganin akwai dalili na uku da ba a son faɗa: nasarar ce da kanta. Mutum yana zuwa taron dare ne saboda ba shi da ruwa. Ran da famfo ya zo, wuta ta zo, aka ba shi takardar mallakar gidansa, kamar yadda aka yi ta rabawa bayan kafa hukumar ba da takardun mallakar filaye, COFOPRI, a 1996, sai damuwarsa ta koma kan shagonsa da kuɗin makarantar ɗansa, abubuwan da taron layi ba ya magancewa. Ƙaramar hukuma kuma, mai kasafin kuɗi da ma'aikata, ta shanye ayyukan da CUAVES take yi, har ƙungiyar ta zama kusan suna kawai. Ban ɗauki wannan a matsayin abin kuka ba. Ba adalci ba ne a so talaka ya dawwama a aikin gayya ranar hutunsa domin samun abin da mai kuɗi yake samu yana kwance. Wani abu kuma ya saura: garin yana cikin na farko a Peru da suka fara kiran mazauna su zauna su yanke yadda za a kashe wani kaso na kasafin ƙaramar hukuma, kafin a mai da hakan dokar ƙasa a 2003.

Zaman yau kuwa, a ƙidayar 2017 mutanen garin sun kusa dubu 400. Bukkokin zana sun zama gidajen bulo masu hawa biyu da uku, kusan kowanne da rodi tsaye a samansa yana jiran hawa na gaba. Iyaye a ƙasa, ɗa da matarsa a sama, jika yana jiran nasa, ƙofar gida kuma shago ce ko wurin gyaran waya ko ɗan gidan abinci. Ranar zuba kankaren rufi har yanzu ranar taro ce, dangi da maƙwabta su zo su ɗauki bokiti, a ci a sha bayan an gama. Wanda rashin lafiya ko mutuwa ta same shi yakan shirya sayar da soyayyar kaza, a raba tikiti a layi, kowa ya saya ko ba ya jin yunwa. 'Yan asalin kowane lardi suna da ƙungiyarsu da bukin waliyyin garinsu, kuma a lokacin bukin kanibal ana kafa bishiya a rataya mata kyaututtuka, a yi ta rawa ana sara har ta faɗi, wanda ya kayar da ita shi zai ɗauki nauyin bukin baɗi. Filayen tsakiyar rukuni suna nan, wasu da ciyawa da bishiyoyi, wasu siminti ne da ragar ƙwallo, wasu kuma har yau yashi ne da ginin da ba a gama ba, gwargwadon ƙwazon mutanen rukunin. Akwai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa, irin su Arena y Esteras da aka kafa a 1992 bayan kisan Moyano domin a fito da mutane daga gidajen da tsoro ya kulle su. Akwai jami'ar fasaha ta gwamnati da babban asibitin gaggawa.

Titunan nan masu faɗi da aka yi wa dariya yanzu sun cika da bas da babura masu ƙafa uku. Jirgin ƙasan birni da aka fara ginawa a 1986 zamanin shugaban ƙasa Alan García, aka bar ginshiƙansa tsaye fiye da shekara ashirin, ya fara ɗaukar fasinja sosai a 2012, kuma tasharsa ta ƙarshe ta kudu a Villa El Salvador take. Ya rage wa ma'aikata sa'o'in da suke ɓatawa a hanya, duk da cewa layin shiga da safe yana da tsawo. Matsalolin yanzu irin na kowane babban gari ne: ƙwacen waya, 'yan daba masu karɓar kuɗin dole daga masu shago da direbobi, shara, da aikin yi wanda yawancinsa ba shi da takarda ko fansho. A 2019 aka kammala ginin masaukin 'yan wasan gasar nahiyar Amurka a garin, dogayen benaye bakwai, waɗanda a 2020 aka mai da su wurin killace masu korona. A ranar 23 ga Janairun 2020 wata tankar iskar gas ta daki wani tudu a kan titi, gas ya malala cikin layuka ya kama da wuta, mutum 34 suka rasu.

Inda za ka ga amfanin taswirar 1971 ƙarara shi ne inda ba ta kai ba. Fulotan asali sun ƙare tun da daɗewa, 'ya'ya da jikoki da sababbin baƙi kuma suna buƙatar wurin zama. Daga shekarun 1990 suka fara hawa gefen gari, musamman wani ƙaton tulin rairayi mai kallon teku da ake kira Lomo de Corvina, suka kuma ci wani ɓangare na yankin noma. A can babu layi 16 da fili a tsakiya. Sau da yawa ma ba ƙungiyar mazauna ce take raba fili ba, dillalan filaye ne masu sayar da abin da ba nasu ba, kuma dillali ba ya barin filin makaranta tunda kowane taku kuɗi ne. Gidajen katako da kwano suna manne a gangaren yashi, ana tare su da tsofaffin tayoyi da buhunan ƙasa, wasu sassan har yanzu tanka ce take kai musu ruwa. Masana girgizar ƙasa sun sha gargaɗin cewa wannan tudu yana cikin wuraren da suka fi haɗari a Lima duka idan babbar girgiza ta zo. A 2021, a tsakiyar annobar korona, dubban iyalan da haya ta gagare su suka sake mamaye wani ɓangarensa da zana da leda da tutoci, kamar yadda kakanninsu suka yi a Pamplona. Wannan karon 'yan sanda sun kore su, ba a kuma kawo motocin da za su kai su wani filin ba.